Ƙananan jiragen attajirai: Lissafin da ya shafi har mai a-kori-kura

A duk lokacin da aka ce wani attajiri ya sayi jirgin sama na kansa, tambayar farko a kasuwa ita ce: nawa ya saya? Da muka bi diddigin ƙananan jiragen da manyan 'yan kasuwa kan fara da su, sai muka tarar kuɗin saye somin-taɓi ne kawai. Lissafin nan kuwa shi ne dai ke gaban duk mai sana'ar albasa a Allakaye, Buza, Kaita ko Madawa da ke tara kuɗin motarsa ta farko.

Guda huɗu ne suka yi fice. Akwai Citation Mustang na kamfanin Cessna a Amurka, wanda ya fito a 2006, aka daina ƙera shi a 2017. Yana gudun kimanin kilomita 630 a awa, da kujeru huɗu a bayan matuƙa, sai dai bayinsa labule ne kawai ya kare shi. Yanzu sai dai na hannu.

Phenom 100 na kamfanin Embraer a Barazil ya biyo baya a 2008. Ya fi Mustang sauri, domin yana haura kilomita 700 a awa, ga bayi a killace daga can baya. Sai HondaJet, na kamfanin Honda da muka sani da babura da janareto, wanda aka fara miƙa wa masu saye a 2015. An ɗora injinansa a saman fiffike, abin da ya ƙara wa cikinsa fili, kuma yana kai kilomita 780 a awa. Samfurinsa na 2022 ya kusa dalar Amurka miliyan 7.

Mafi araha shi ne Vision Jet na kamfanin Cirrus, mai inji ɗaya, da ya fito a 2016 a kan kimanin dala miliyan 2, wato fiye da biliyan ɗaya na saifa. Gudunsa bai kai kilomita 600 ba, amma yana da lemar da za ta sauko da jirgin ɗungurungum idan inji ya mutu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Nisan da kamfani ya rubuta a takarda ba da cikakken lodi ba ne, domin in aka cika mutane da kaya dole a rage mai. Zafi irin na watan Afrilu a jihar Tawa, inda yakan haura digiri 40, yana sa jirgi ya nemi fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Sannan ko ya tashi ko bai tashi ba, akwai albashin matuƙi, inshora, kuɗin rumfar ajiya da duba inji a kan ƙa'ida. Shi ya sa wanda ba ya yawan tafiya, shata ta fi masa sauƙi.

Haka kuma jirgin da zai kai mutum daga Yamai zuwa Tawa cikin ƙasa da awa ɗaya, tafiyar da ta wuce kilomita 500 a mota, a filin jirgin Tawa zai sauke shi. Ragowar hanyar zuwa Allakaye, da duwatsunta da kwazazzabanta, sai dai mota.

Saboda haka muke jan hankalin 'yan kasuwarmu, maza da mata, da su auna babur, keke mai ƙafa uku da a-kori-kura da wannan ma'auni. Buhu nawa zai ɗauka ya hau tudu da damina, ba a kan kwalta wayam ba? Yaya yake riƙe kaya a gargada, tunda albasar da ta bubbugu ba ta jimawa take ruɓewa? Akwai bakaniken da ya san shi a kusa, kuma ana samun kayan gyaransa a Ƙwanni ko Maraɗi?

A tuna kuma kuɗin mai ba ya zama wuri ɗaya. Da Nijeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu motocin garuruwan bakin iyaka da suka saba da man tsallake sun ji a jikinsu.

Wanda lodinsa bai wuce na ranar kasuwa da kakar albasa ba, gara ya haɗu da 'yan'uwansa su ɗauki shata, da ya narka jarinsa a motar da za ta kwana shida a ƙofar gida tana cin kuɗi. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.