Nukiliya ko hasken rana: wanne ya fi araha?

Manoman rani a Kalmalo, cikin ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, sun dogara ne da injinan ban-ruwa masu shan fetur. Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, kuɗin shayar da gonar albasa ya yi tashin gwauron zabo.

A ƙetaren iyaka kuma akwai Jamhuriyar Nijar, wadda ke haƙo ma'adinin yuraniyom a Arlit tun 1971. Da wannan ma'adini ake sarrafa wutar lantarki ta nukiliya.

Shi ya sa wasu ke tambaya: tun da ga yuraniyom a maƙwabta, me zai hana a samu wuta mai rahusa?

Inda tsadar take

Amsar ita ce, kuɗin yuraniyom ƙaramin kaso ne na abin da tashar nukiliya ke ci. Mafi yawan kuɗin na tafiya ne wajen ginin tashar, da kuma ruwan bashin da ke taruwa cikin shekarun da ake aikin, kafin a sayar da wutar ko ta sisin kwabo.

Tashar El Dabaa da kamfanin Rosatom na Rasha ya soma ginawa a Masar a 2022, mai ƙarfin megawat 4,800, an ƙiyasta za ta ci dala miliyan dubu 30. A Amurka, sabbin injina biyu na tashar Vogtle sun ci fiye da haka, kuma sun makara da shekara 7.

Tashar iskar gas kuwa, irin wadda Najeriya ke samun galibin wutarta daga gare ta, ba ta da tsadar gini, amma kullum sai an sayi gas.

Hasken rana

Farashin wutar hasken rana ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. A Malbaza, kusa da Birnin Ƙonni, Nijar ta buɗe tasha mai megawat 7 a 2018.

To sai dai rana na faɗuwa, batiran adana wutar kuma ƙarin kuɗi ne. A nan nukiliya ta yi zarra, domin tana ba da wuta dare da rana har tsawon shekara 60.

Shirin Najeriya

Najeriya ta kafa hukumar makamashin nukiliya a 1976, kuma a 2004 aka kunna wani ƙaramin injin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A 2017 ta sa hannu kan yarjejeniya da Rosatom, amma ba a gina tashar ba.

Akwai kuma matsalar layukan rarraba wuta. Ƙa'idar masana ita ce, kada inji guda ya wuce kashi 10 cikin 100 na wutar ƙasa. Injin nukiliya ɗaya irin na Masar na ba da megawat 1,200, alhali wutar da ake rabawa a Najeriya ta daɗe tana kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000.

Ga manomin Kalmalo, ba sai ya jira layin ba. Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana na buƙatar kuɗi da yawa a tashin farko, amma da rana ake ban-ruwa, kuma ba ya shan fetur.