Ɓerayen Boston da manhajar ƙirga taku da ke wayarka

Da yawanmu ba ma ko buɗe manhajar ƙirga taku da ke wayoyinmu. Wani bincike kan ɓeraye zai iya sa ka sake kallonta.

Ɓera da mutum duk suna da ƙwayar gado mai suna Slc2a4. Ita ke samar da GLUT4, ƙofar da suga ke bi daga jini ya shiga tsoka. A shekarar 2000, masu bincike a Boston ta Amurka suka kashe wannan ƙwaya a tsokar ɓeraye kaɗai. Insulin ya kasa shigar da suga yadda ya kamata, ya taru a jini, wasu ɓerayen har suka kamu da ciwon suga.

Abin da ya shafe ka: motsa tsoka ma yana buɗe ƙofar, ba insulin kaɗai ba. Kakanninmu a cikin birni da ƙafa suke zuwa Kurmi daga Ƙofar Mata. Mu kuwa adaidaita sahu muke tarewa.

Bayan tuwo da zoɓo mai zaƙi, kunna Samsung Health ka ɗan zaga lungu. Mai shan maganin suga kada ya daina sai likita ya ce.