Jiran Shari'a a Gidan Kaso: Abin da Ke Cika Kurkukun Damagaram

A gidajen kason Nijar, waɗanda ba a yanke wa hukunci ba sun fi waɗanda aka yanke wa yawa. Ƙasar tana da gidajen kaso kusan 40, mazauna cikinsu sun haura 10,000 tun kafin 2020, kuma an daɗe fiye da rabinsu jiran shari'a suke yi. Jihar Damagaram tana cikin wannan lissafi, daga babban gidan kason Zinder zuwa na Magarya, Matameye, Gure da Tanut. Da yawa suna ɗora laifin a kan yawaitar sata da ɓarnar matasa. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina babban dalilin yana wajen ƙofar fita: shiga tana da sauƙi, fita kafin ranar shari'a kuwa sai mai hali.

Idan 'yan sanda ko jandarma suka kama mutum, doka ta ba su awa 48 su riƙe shi, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara. Daga nan, in laifin ƙarami ne kuma an kama shi dumu-dumu, ana iya yi masa shari'a cikin 'yan kwanaki. In babba ne, sai a miƙa takardunsa ga alƙali mai bincike, kuma galibi a ranar ake sa hannu a takardar tsarewa. Gyaran da aka yi wa dokar shari'ar laifuka a 2003 ya sa iyaka: wata 6 ga ƙananan laifuka, a sabunta sau ɗaya, wata 18 ga manya, a ƙara 12. Ke nan doka da kanta ta yarda mutumin da ba a tabbatar da laifinsa ba ya yi shekara biyu da rabi a tsare.

Akwai sakin talala, wanda 'yan Najeriya ke kira beli. Wanda ake tuhuma ko lauyansa yana rubuta wa alƙali roƙo, alƙali ya saki da sharaɗi, wani lokaci har da ajiye kuɗi. Abin da alƙali yake nema shi ne tabbacin cewa mutumin zai dawo in an kira shi: adireshi sananne, aiki sananne, takardar shaida. A ɗauki misalin saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Magarya da aka zarga da satar akuya biyu da dare, shi da abokinsa. Dare da taron dangi suna ƙara wa tuhumar nauyi. Ba shi da takardar haihuwa, gidansu ba shi da lamba, sana'arsa noma da damina, cin rani a Kano ko Agadas. A idon takarda, wannan mutum ba shi da mazauni, alhali duk ƙauyen sun san uwarsa da ubansa da gonar da yake nomawa. Ma'aikacin gwamnati da ake zargi da cin miliyoyi yana da duk abin da ake nema, shi ya sa yakan kwana gida.

Kafin zuwan Turawa ba haka ake auna mutum ba. A Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884 kuma ya kewaye birnin Zinder da ganuwa, dogarai ne ke kamu, alƙali ko sarki ya yanke. Ba na yi wa wancan zamani kwalliya: hukuncinsa yana da tsanani, akwai bulala, akwai bautarwa, akwai kisa. Sai dai ba a san ajiye mutum shekaru ana jiran takarda ba, kuma dattijo ko mai unguwa yana iya cewa "na tsaya masa", maganar ta wadatar, domin wanda ya gudu ya zubar da mutuncin danginsa duka. Faransawa suka ci Zinder a 1899, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906, suka kawo tsarin da kumandan zai kulle ɗan ƙasa kwanaki ba tare da shari'a ba, tsarin da bai faɗi ba sai 1946. Dokokin laifuka da Nijar ta kafa a 1961 a kan na Faransa aka gina su. Yau sarakuna da masu unguwanni suna da ikon sulhu a rikicin gona, aure da gado, amma a shari'ar laifi lamuninsu ba shi da gurbi bayyananne.

Sai jinkiri. Shekaru da dama kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne kacal a ƙasar, ta Yamai da ta Zinder, kuma a lokacin ta Zinder ce ke ɗauke da manyan shari'u tun daga Maraɗi har Difa. Alƙali mai bincike guda yakan riƙe tulin takardu, in aka yi masa canjin wurin aiki, sabon zuwa ya fara karatu daga farko. Shaida yana ƙauye, babu kuɗin mota. Lauyoyi kuwa kusan dukkansu a Yamai suke zaune, kilomita wajen 900 daga Zinder, kuma wanda zai ɗauko lauya daga can shi zai biya mota da masauki. Dokar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga lokacin kamu, an kuma kafa hukumar ANAJJ a 2011 don taimakon marasa hali, amma wanda bai san yana da haƙƙin roƙon saki ba, ba zai roƙa ba. Takardun da Faransanci ake rubuta su, tafinta ne ke tsakaninsa da alƙali. Ko sabon matsayin da aka ba Hausa a 2025 na harshen ƙasa bai isa ɗakin magatakarda ba tukuna.

Adalci ne a saurari alƙalai su ma. Iyakar Najeriya tana kusa, wanda aka saki a Magarya da safe yana iya kwana a Daura. Sannan akwai idon jama'a. A Zinder, birnin da ya sha fama da ƙungiyoyin matasa da ake kira fale, waɗanda fim ɗin Aicha Macky na 2021 ya nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara, birnin da ya ga tarzoma da ƙone-ƙone a watan Janairun 2015, in aka ga wanda aka kama jiya yana yawo yau, magana ɗaya ake yi: an ci kuɗi. Alƙalin da ya tsare mutum ba wanda zai tuhume shi, wanda ya saki shi ne ke da amsar bayarwa. Saboda haka tsarewa ta zama hanyar kare kai, ko da doka ta ce ita ce ta ƙarshe.

Wanda ke son ganin sakamakon, ya tsaya ƙofar gidan kaso da hantsi. Mata ne suka fi yawa, kowacce da kwano ɗaure a ɗankwali, gardi yana buɗewa, ya juya tuwon da cokali ko an ɓoye wani abu, sannan a kira suna. Abincin gwamnati ba ya isa, wanda danginsa ke nesa sai ya yi wa wani wanki ko ɗibar ruwa don ya samu lomar ƙari. Matar da ke zuwa daga ƙauye ta sayar da tunkiya a wata na farko, a na uku an jinginar da gona. In damina ta wuce mai gida yana ciki, yunwar baɗi ta tabbata. Ko an wanke shi daga baya, sunan "ɗan kaso" ya riga ya bi shi har wajen neman aure.

A ciki kuma, cunkoso yana hana a raba masu jira da waɗanda aka yanke wa hukunci, kamar yadda ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, masu sunan Mandela, suka tanada. Yaron da ya shiga kan wayar salula yana kwana kafaɗa da kafaɗa da ƙwararren ɗan fashi, cikin zafin bazara da ke haura digiri 40. Nijar ta san ƙarshen wannan: a 1999 fursunoni 29 suka mutu saboda rashin iska a ɗaki guda a gidan kason Yamai. Har yanzu kuma dakarun tsaron ƙasa, wato gardi, su ne ƙashin bayan tsaron gidajen, ko da yake dokokin 2017 sun tanadi ma'aikata na musamman da hukuncin aikin gayya a maimakon ɗauri.

Illar da ta fi damuna ba ta cikin katanga. Da yake kowa ya san in takarda ta wuce gaban alƙali sai yadda hali ya yi, dangi suna yin duk abin da za su iya don a kashe magana cikin awa 48 na farko, kuma a nan ne cin hanci ke samun kasuwa. A Najeriya an rubuta a ofisoshin 'yan sanda cewa beli kyauta ne, kowa kuma ya san yadda ake ciki. Tsoron jira shi ke sa marar laifi ya biya.

Gina sababbin ɗakuna zai rage zafi, amma za su cika. Abin da ya fi arha shi ne a ba lamunin mai unguwa da maigari gurbi a rubuce cikin ƙananan laifuka, tare da sa ido don kada ya zama abin sayarwa ko makamin siyasa, a kuma wajabta wa mai gabatar da ƙara duba rajistar gidan kaso kowane wata ya fitar da duk wanda wa'adinsa ya cika. Afuwar shugaban ƙasa ba ta maye gurbin wannan. A watan Maris na 2020, saboda korona, Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi wa fursunoni 1,540 afuwa, ciki har da ɗan siyasa Hama Amadou. Rangwamen hukunci ne, don haka waɗanda aka riga aka yanke wa ya shafa. Masu jiran shari'a, da yake ba su da hukuncin da za a rage musu, suka ci gaba da zama.