Ɗalibin Kimiyyar Siyasa da Hanyar Karatu a Ƙetare

Shirin namu na yau na ɗaliban kimiyyar siyasa ne, da iyayen da ke ɗawainiyar karatunsu, da malaman da ke sa musu hannu a takardar rajista.

A makon rajista, duk wanda ya leƙa sashen kimiyyar siyasa na kowace jami'a zai tarar da cincirindon ɗalibai a gaban allon sanarwa. Na gaba na ɗaukar hoton jerin kwasa-kwasan da waya, na baya na ɗage-ɗage suna leƙe. Tambayar da ke yawo a bakin kowa ɗaya ce: wane kwas ne ba a faɗuwa, wane malami ne ba ya rowar maki? Da an samu amsa daga 'yan aji huɗu, sai a cike takarda cikin minti biyar a wuce. Ba a cika tuna cewa wannan takardar ce za ta zama sakamakon da wani kwamiti a Landan ko Bon zai shimfiɗa a kan tebur bayan shekara huɗu ko biyar ba, yana duba abin da ɗalibin ya zaɓa da abin da ya guje wa.

Hanyar karatu a ƙetare ba sabuwa ba ce ga 'yan Arewa. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Zagga ta jihar Kebbi, ya kammala digirin farko a kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979. Ya yi na biyu a Jami'ar Boston ta Amurka a 1981, ya kuma yi digirin digirgir a Jami'ar Toronto ta Kanada a 1987. Ya dawo ya koyar a Sakkwato har ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, daga nan ya riƙe cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, a 2019 kuma aka zaɓe shi shugaban Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya karo na 74. Farfesa Ibrahim Gambari na Ilori ya bi ta Landan da Jami'ar Columbia ta New York, ya koyar a Zariya kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984.

Amma labarin da ya fi dacewa ɗalibi ya tsaya a kansa shi ne na Farfesa Attahiru Jega. Kowa ya san shi da shugabancin hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Kaɗan ne suka san abin da ya rubuta a kai lokacin da ya je Jami'ar Northwestern ta Amurka, inda ya kammala digirin digirgir a 1985. Bai rubuta a kan majalisar Amurka ko yaƙin cacar baka ba. Ya rubuta ne a kan aikin noman rani na Bakolori, kusa da Talatar Mafara, inda aka karɓe gonakin manoma don gina madatsar ruwa, rikicin diyya ya yi tsami, har 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilun 1980. Tambayar tasa daga gida ya tafi da ita: me ke faruwa idan hukuma ta shigo ƙauye da sunan ci gaba? A can ya samu laburare da malamai da kayan aiki, amma abin binciken na ƙasar Sakkwato ne. Har gobe irin wannan ɗalibin masu ba da tallafi ke nema.

To me ake karantawa a sashen? A shekarun farko kowa na bi ta falsafar siyasa, da tsarin mulkin Najeriya, da kwatanta gwamnatocin ƙasashe, da hulɗar ƙasa da ƙasa, da sha'anin gudanar da mulki, da siyasar tattalin arziki. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja a watan Disambar 2022, kashi 70 cikin 100 na darussan daga hukumar suke, sauran kashi 30 kuma kowace jami'a ke tsarawa daidai da buƙatar yankinta. A cikin wannan kashi 30 ɗin, da kwasa-kwasan zaɓi, ɗalibi ke da ta cewa.

Kwas ɗin da aka fi gudu shi ne wanda ya fi amfani, wato dabarun bincike da ƙididdiga. Da yawa sun zo kimiyyar siyasa ne don sun rabu da lissafi tun a sakandare, sai ga shi ya biyo su har aji uku. Ana haddace shi daren jarrabawa, a samu makin tsira, a manta. Alhali a manyan jami'o'in Amurka, shekarar farko ta digirin digirgir a wannan fanni cike take da ƙididdiga. Ɗalibin da ya iya tsara tambayoyin jin ra'ayin jama'a, ya san yadda ake zaɓen waɗanda za a tambaya, ya kuma iya sarrafa alƙaluma da manhajar SPSS ko R, ya yi wa takwarorinsa nisa. Manhajar R kyauta ce. Bayanan Afrobarometer, da ke auna ra'ayin 'yan Afirka kan mulki tun 1999, su ma kyauta ake sauke su a intanet, kuma akwai na Najeriya da Nijar da Gana a ciki. Abin takaici ne a ce bayanai a kan talakan Katsina da Maraɗi suna hannun ɗalibin Jamus, ɗan gida bai taɓa buɗe su ba.

Na biyu shi ne harshe. Duk ƙasashen da suka yi iyaka da Najeriya ta ƙasa, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, ana aikin hukuma da Faransanci a cikinsu. Hukumar Tafkin Chadi tana Njamena tun 1964. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a watan Janairun 2025 batu ne da jami'o'in duniya ke ɗokin fahimta, takardunsa kuwa yawancinsu da Faransanci suke. Ɗalibin Kano ko Sakkwato da ya haɗa Hausa da Ingilishi da Faransanci zai yi hira da ɗan kasuwa a Birnin Konni da safe, da rana ya karanta sanarwar gwamnati a Yamai. Farfesa Jibrin Ibrahim a Bordo ta Faransa ya yi digirin digirgir, a Yamai kuma akwai cibiyar bincike ta LASDEL da ta yi suna wajen nazarin yadda ma'aikatun gwamnati ke aiki a zahiri. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai shi kuma Ingilishi ne rabin da ya rage masa.

Larabci ma jari ne, kuma dubban ɗalibai sun shigo jami'a da shi daga makarantun Islamiyya ba tare da sun ɗauke shi a bakin komai ba. A aji ana karanta Plato da Machiavelli da Hobbes, kuma ya kamata a karanta su. Sai dai tun ƙarshen ƙarni na 15 Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi kan haƙƙoƙin da ke wuyan sarakuna. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam, Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa. Wanda zai iya karanta waɗannan a harshensu na asali, ya ajiye su kusa da na Turawa ya kwatanta, yana riƙe da abin da ɗalibin Oxford ba shi da shi.

Sai aikin binciken kammala karatu, wanda ɗalibai ke kira furojet. A nan ake asara mafi girma. Akan ɗauko tsohon aiki daga shagon buga takardu, a sauya sunan ƙaramar hukuma da shekara, a ɗaure da baƙar bango a miƙa. Shi kuwa wannan aiki shi ne kaɗai rubutun da ɗalibi zai iya nuna wa wata jami'a a matsayin nasa, kuma jami'o'in waje na da manhajar da ke bankaɗo satar rubutu. Batutuwa kuwa ga su nan a ƙofar gida: yadda ake sulhu da 'yan bindiga a Zamfara, matsayin masu unguwanni a ranar zaɓe, rikicin masarautar Kano, halin da kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya da Illela suka shiga bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa suna Kaduna, Gidan Mambayya yana Gwammaja a Kano. Malamin da ya ga ɗalibi ya sha rana a kan bincikensa shi ne zai rubuta masa takardar shaida mai nauyi, wadda ta wuce layi uku na cewa yaro ne mai ladabi.

Yanzu ga ƙofofin tallafin karatun da kansu.

Wadda aka fi sani ita ce Chevening ta gwamnatin Birtaniya, da aka fara a 1983. Tana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya, da kuɗin makaranta da na jirgi da na abinci. Ba a shiga da takardar digiri kawai. Ana buƙatar ƙwarewar aiki ta awa 2,800, kimanin shekara biyu ke nan, da alƙawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan karatu. Mai nema zai zaɓi kwasa-kwasai uku, ya kuma rubuta bayani kan jagorancin da ya taɓa yi da abin da zai yi idan ya dawo. Wanda ya yi aikin sa ido a zaɓe, ko ya yi hidima a sansanin 'yan gudun hijira, ko ya tafiyar da ƙungiyar ci gaban unguwa, yana da abin faɗa. Akwai kuma tallafin Commonwealth, wanda a Najeriya wani ɓangarensa ke bi ta hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya.

Jamus na da shirin da kamar don ɗaliban wannan fanni aka yi shi: shirin Helmut Schmidt na hukumar DAAD, kan tsara manufofin gwamnati da kyakkyawan shugabanci. Ana karɓar takardu a watannin Yuni da Yuli, ana koya wa waɗanda suka yi nasara Jamusanci kafin su fara, kuma cikin makarantun akwai ta Willy Brandt da ke Erfurt. Tarayyar Turai na da Erasmus Mundus, inda ɗalibi ke yin digiri ɗaya a ƙasashe biyu ko fiye, ana ba shi Yuro 1,400 duk wata. Turkiyya kan buɗe nata daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, da sharaɗin shekara ɗaya ta koyon Turkanci, kuma mai neman digiri na biyu kada ya kai shekara 30. Wannan sharaɗi na shekaru abin lura ne ga ɗalibin da yajin aiki ya riga ya cinye masa lokaci. Yajin 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka.

Ba dole ne sai an haye teku ba. Jami'ar Tarayyar Afirka tana da cibiyar nazarin shugabanci da zamantakewa a Jami'ar Yawunde ta Biyu a Kamaru, inda ake digiri kan mulki da haɗewar yankuna, kuma Tarayyar ce ke biya. Cibiyar horar da shugabannin Afirka da Farfesa Funmi Olonisakin ta assasa tana aiki tsakanin Nairobi da King's College ta Landan kan zaman lafiya da tsaro, ta kuma daɗe tana ba matan Afirka kulawa ta musamman. Wannan albishir ne ga ɗalibai mata, waɗanda sau da yawa su ke kan gaba a aji amma ba su cika nema ba.

Iyaye kuma akwai abin da ya kamata su sani. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, tura yaro Ingila da kuɗin aljihu ya fi ƙarfin yawancin gidaje, wasu da suka tafi da rabin kuɗi sun maƙale a tsakiyar karatu. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na aji tafiya da iyali, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Samun bizar Amurka ma ya ƙara wuya tun 2025. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa karatun dubban 'yan Najeriya a Khartoum, aka kwaso su a motoci ta iyakar Masar. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar hukuma a gida ta amince da takardar jami'ar da za a je. Duk shirye-shiryen tallafin da aka ambata a nan ɗalibi ne ke cike su da kansa a shafinsu na intanet. Wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbin Chevening, ɗan damfara ne.

Da sanyin safiya ake kama fara. Ɗan aji biyu ya ɗauki ƙididdiga da Faransanci da gaske tun yanzu. Ɗan aji huɗu ya yi fasfo, ya kuma fara neman cikakkiyar takardar sakamakonsa da wuri, domin fitar da ita kan ɗauki lokaci. Mai bautar ƙasa ya riƙa rubuta duk aikin da ya yi da ranakunsa, ya kuma fara shirin jarrabawar Ingilishi ta IELTS, wadda sakamakonta ke aiki na shekara biyu. Chevening kan buɗe a watan Agusta, yawancin kwasa-kwasan Erasmus Mundus kuma tsakanin Oktoba da Janairu.