Kuɗin shiga shagon Apple

A Sandamu ta masarautar Daura, mai son manhajar Alƙur'ani ko ta Azkar ba ya ƙona data. Wajen mai caji zai je, ko ya matsa kusa da abokinsa, a buɗe Xender, nan take a tura masa. Tecno, itel da Infinix, wayoyin kamfanin Transsion na ƙasar Sin da suka cika aljihun mutanen masarautar Daura, duk suna karɓar manhaja ta haka saboda Android ke tafiyar da su. Ban da iPhone. Ko da guminka ka saye ta a Farm Centre ta Kano, hanyar sa mata manhaja ita ce App Store, shagon da Apple ya buɗe a 2008, inda shi ne mai gadi kuma shi ne dillali.

Wanda abin ya fi ci shi ne mai ƙirƙira. A ce ɗalibi a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Daura ya haɗa manhajar lissafin gado da Hausa. Kafin ta hau shagon sai ya biya dala 99, kuma duk shekara, in ya kasa sabuntawa a sauke ta. Bayan sakin naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, wato kusan naira 150,000 ke nan, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata biyu. Sannan Xcode, kayan aikin haɗa manhajar, sai a kwamfutar Mac yake aiki. Google dala 25 yake karɓa, sau ɗaya tak. In yaron ya fara ciniki kuma ga kamashon Apple: kashi 30 cikin ɗari, ko kashi 15 tun 2021 ga wanda cinikinsa bai wuce dala miliyan ɗaya ba.

Apple yana cewa tsaro ne, kuma maganar ba banza ba ce. Wanda ya ga yadda manhajojin bashi suka riƙa tona asirin mutane a ƙasar nan ya san amfanin tantancewa. To amma wane tsaro ne ya hana mai manhaja ya gaya wa mai saye cewa akwai sauƙin farashi a shafinsa? A kan wannan ne Tarayyar Turai ta ci Apple tarar yuro biliyan 1.8 a Maris na 2024, bayan ƙorafin Spotify. A watan ne kuma dokarta ta tilasta masa barin wasu shagunan manhaja su shiga iPhone.

Sassaucin bai ƙetaro Najeriya ba. Hukumar kare masu saye da tabbatar da gasa a kasuwa, FCCPC, da ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 ta nuna tana da haƙora, kuma dokar da ta kafa ta ta haramta wa babban kamfani danne kasuwa. Ya kamata ta tambayi Apple dalilin da ɗan Sandamu zai biya kuɗin rajista daidai da na ɗan Kalifoniya.