Wa Ya Biya Kuɗin Gano Maganin da Kake Sha?

Duk uwar da Allah ya jarabce ta da ɗa mai cutar sikila ta san ƙwayoyin da ake rubuta mata a asibiti, ta kuma san farashinsu a kantin magani. Abin da ba a cika gaya mata ba shi ne yadda aka yi likita ya tabbata cewa wannan ƙwayar tana aiki, waccan kuwa ɓata kuɗi ce. An kashe dukiya mai yawa kafin a kai ga wannan sanin, kuma kaso babba na dukiyar harajin talakawan wata ƙasa ne.

A garin Bethesda na jihar Maryland a Amurka akwai wata cibiyar gwamnati da aikinta shi ne ɗaukar nauyin bincike kan cututtukan zuciya da huhu da jini. An kafa ta a 1948 don ciwon zuciya kawai, aka ƙara mata huhu a 1969, sannan jini a 1976. A 'yan shekarun nan kasafinta ya kai kusan dala biliyan huɗu a shekara. Mafi yawan kuɗin ba a cikin gininta ake kashe su ba. Jami'o'i da asibitoci ne suke rubuto abin da suke son bincikawa, masana su tantance, wanda ya ci a ba shi.

Sau da yawa ba asibiti ɗaya ake ba aikin ba, saboda asibiti ɗaya ba shi da isassun marasa lafiya da za a kafa hujja da su. Idan mutum goma suka sha magani, bakwai suka samu sauƙi, ba wanda zai iya rantsuwa cewa maganin ne ya yi aiki. Sai an tara ɗaruruwa ko dubbai daga wurare daban-daban, an raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, an bi su shekara da shekaru. Irin wannan bin na shekara da shekaru, ban da rabawa ta ƙuri'a, aka yi a garin Framingham na Amurka tun 1948, inda aka fara bin lafiyar mutum 5,209, daga baya aka ɗora da 'ya'yansu da jikokinsu. Binciken nan na cikin waɗanda suka tabbatar da cewa hawan jini da shan taba da yawan kitse a jini su ne manyan masu janyo ciwon zuciya. Ta ɓangaren huhu ma, binciken haɗin gwiwa da aka buga a 2000 ya nuna cewa rage yawan iskar da na'ura ke hura wa wanda huhunsa ya gaza yana rage mace-mace.

Amma mu inda abin ya fi shafarmu shi ne jini. Ana ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai ta a duniya. Kusan duk abin da likita yake yi wa waɗannan yara a yau ya samo asali ne daga irin wannan bincike. A 1986 aka nuna cewa ba ƙananan yara masu sikila penisilin kullum yana rage muguwar cutar da ke shiga jininsu da kashi 84 cikin ɗari. A 1995 aka dakatar da wani gwaji na manya 299 a asibitoci 21 tun kafin wa'adinsa ya cika, domin ya bayyana ƙarara cewa maganin da ake rubuta sunansa Hydroxyurea a jikin kwali yana rage tashin ciwon da kusan rabi, ci gaba da hana ɗaya rukunin maganin zai zama zalunci. Daga nan aka gano cewa na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin kai tana iya nuna yaron da ke dab da shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙarin jini akai-akai yana kare shi.

A lura da wani abu. Penisilin da Hydroxyurea tsofaffin magunguna ne masu araha, ba kamfanin da ya mallake su shi kaɗai. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba miliyoyi ya gwada abin da kowa zai iya sarrafawa ya sayar? Shi ya sa idan gwamnati ba ta biya ba, tambayar takan zauna babu amsa.

Ƙarin jini duk wata kuwa ba abu ne da talakan Kano ko Maraɗi zai iya jurewa ba. Jinin ma ba ya isa. Wannan ne ya sa likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna suka haɗa hannu da Jami'ar Vanderbilt, da tallafin cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, suka gwada Hydroxyurea a kan yara 220 da awo ya nuna suna cikin haɗari. Sakamakon da aka buga ya nuna cewa ko ƙaramin ma'auni na maganin yana taimakawa wajen kare su daga shanyewar jiki. Wannan amsa ce da aka samo a gida, da 'ya'yanmu, don yanayinmu. A 2017 kuma ita waccan cibiya ta Bethesda ta fara ɗaukar nauyin wata haɗaka da ta tara masana daga Tanzaniya da Ghana da Najeriya da Afirka ta Kudu don tattara bayanan masu sikila a rajista ɗaya.

To, mutanen Kano ba sa buƙatar a tuna musu cewa kalmar gwaji tana da ɗaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron yana da dalili. Sai dai gudun kowane bincike ba zai kare mu ba, zai dai bar mu muna shan magani bisa awon da aka yi wa jikin wasu.

Abin da zai kare mutum shi ne sanin haƙƙinsa. Idan aka ce ana so ka shiga bincike, ko ka sa ɗanka, dole a yi maka bayani da harshen da kake ji: me ake nema, wa ya ba da kuɗin, wace illa za ta iya biyo baya, wa zai ɗauki nauyin jinya idan ta faru. Ka tambaya ko kwamitin kula da ɗa'ar bincike na asibitin ya amince, ka nemi ganin takardar. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba, ka kuma karɓi kwafinka. Kana da ikon cewa a'a, kana da ikon janyewa ko da an yi nisa, kuma ba a isa a hana ka kulawar da ka saba samu saboda haka ba. Bincike na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannunka. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom don a sa sunanka cikin wani tallafin Amurka, ɗan damfara ne. Haka mai tallar magani a rediyo ko a Facebook da ke cewa bincike ya tabbatar maganinsa yana raba mutum da sikila ko hawan jini har abada. A tambaye shi wane asibiti, mutum nawa, wace shekara. A nan bakinsa yakan mutu.

Saura maganar gwamnatocinmu. A 2025 gwamnatin Amurka ta soke tallafin bincike da dama, ta kuma sauya ƙa'idar yadda ake tura kuɗi ga abokan aiki na ƙasashen waje. Kuɗinsu ne, siyasarsu ce ke juya shi, ba mu da bakin magana. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, kuma har yau gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta cika shi ba. Asusun TETFund yana ba malaman jami'a kuɗin bincike, amma bin yara ɗari biyu shekara biyar yana son kuɗin da ba ya yankewa a tsakiya, da na'urori, da ma'aikatan da ake biya a kan kari. Idan ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a yana lissafa buhunan shinkafar da ya raba, ku tambaye shi nawa aka sa wa binciken sikila da hawan jini a kasafin bana, kuma nawa aka saki daga ciki.