Gizo-gizo: Maigadin Da Ba A Biyansa Albashi

Duk ɗan Arewa da ya sauka Ikko ko Badun ko Fatakwal, abin da ya fara damunsa shi ne sauro da kyankyaso, domin kuwa damina a Kurmi doguwa ce, ga laima, ga kwatoci cike da ruwa. Abin mamaki, mutumin da ƙwari suka hana barci shi ne zai tashi da safe ya ɗauki tsintsiya ya bi gizo-gizo da duka, alhali kuwa wannan halitta ƙwarin nan ne abincinta.

Wanda ya tsaya ya dube shi da kyau zai ga ƙafafunsa 8 ne, ba 6 ba kamar na ƙuda ko tururuwa, jikinsa kuma kashi biyu ne. Yawancinsu idanu 8 gare su. A shekarar 2022 yawan ire-irensa da masana suka rubuta ya kai 50,000. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya baki ɗaya suna cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da ƙananan halittu kowace shekara.

A cikin ɗaki, wanda aka fi gani shi ne mai siraran ƙafafu dogaye, wanda kan yi saƙa a kusurwar rufi. In an taɓa yanarsa sai ya shiga karkaɗa jiki da sauri har ido ya kasa tsayawa a kansa. Akwai kuma ƙaton nan mai faɗi da kan fito bango da dare, wanda kan firgita mata da yara. Shi ba ya kafa tarko, farauta yake yi da ƙafa, kyankyaso ma yana cikin abin da yake kamawa. Tamatarsa takan riƙe farar jakar ƙwai a ƙarƙashin cikinta tana yawo da ita. Da rana kuwa a bakin taga akan ga ɗan ƙarami mai tsalle, mai manyan idanu biyu a gaba, yana laɓe kamar kyanwa kafin ya dira a kan ƙuda. Wani ɗan'uwansa da ke bakin Tafkin Biktoriya, a Kenya da Yuganda, ya fi son macen sauro wadda ta sha jini, watau irin mai ɗauke da zazzaɓi.

Masu lambu a gefen gari su ke ganin gwanin saƙa. Yakan fara ja da zarurruka daga tsakiya kamar sifokin keke, waɗanda ba su da danƙo, sa'an nan ya kewaya da zare mai danƙo. Da yawansu sukan cinye tsohuwar yana su saƙa sabuwa. Inda aka ga babbar yana mai ruwan zinariya tsakanin itatuwa, ƙatuwar da ke tsakiya mace ce, namijin ɗan mitsitsi ne a gefe. Maigadi mai tocila kuwa, in ya riƙe ta kusa da idonsa ya haska ciyawa, zai ga wasu ɗigo-ɗigo suna ƙyalli. Idanun gizo-gizon ƙasa ne, wanda uwarsa kan goya 'ya'yanta a baya.

To, a nan gizo ke saƙar: shin ba ya cutarwa? Kusan dukkansu suna da dafi, amma na kashe ƙwari ne, kaɗan ne ƙwarai ke iya yi wa mutum lahani. Wanda ya kamata a kiyaya shi ne mai ruwan ƙasa, mai zagayayyen ciki da tabo ruwan lemo a ƙarƙashi, wanda jakar ƙwansa ke da tsini-tsini. Yakan ɓuya a ƙarƙashin benci da cikin tsohuwar taya da bokitin da aka kife. Sai a riƙa kakkaɓe takalmi kafin a sa, kada kuma a cusa hannu inda ido bai gani ba. Wanda aka ciza ya ji zafin na ƙaruwa, ko jijiyoyi na ɗaurewa, ya tafi asibiti.

Har ila yau, ƙurajen da akan tashi da su a ce tautau ne, sau da yawa wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da kan zo wurin fitila. In an murƙushe shi a jiki ruwansa ke ƙona fata. Sai a hure shi, a wanke wurin da sabulu.

Ba a ce a bar yana ta cika ɗaki ba, tsabta wajibi ce. Amma maimakon a kashe shi, ana iya kife shi da kofi a kai waje. Feshin magani barkatai a lambu yana kashe gizo-gizo tare da ƙwarin, ƙwarin kuwa sun fi shi saurin dawowa. Ya fi kyau a yashe kwata, a rufe randa, a kwana cikin gidan sauro. Yaran da aka haifa a Agege ko Sabon Badun kuwa, a nuna musu shi da ransa, su san halittar da Gizo mijin Ƙoƙi ya samo suna.